Kundin Digiri na Farko: Tambaya Guda, Babi Biyar

Jama'a masu sauraro, zancenmu na yau ya fi karkata ga 'ya'yanmu da ƙannenmu da Allah ya kai su shekarar ƙarshe a jami'a, musamman masu karatun ilmin zamantakewa, da kimiyyar siyasa, da tattalin arziki, da aikin jarida, da sauran fannonin da ke nazarin yadda 'yan Adam ke zaune da juna. Amma ina roƙon iyaye da yayye su ma su ba mu aron kunnuwansu, domin su ne ke ɗaukar nauyin kuɗin mota da na buga takardu idan lokacin ya zo, kuma sun cancanci su san abin da yaron nan ke fama da shi sa'ad da suka ga ya daina barci, kullum yana tafe da tarin takardu a hammata.

Al'ada ce a jami'o'inmu, tun daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya wadda aka buɗe a 1962, har zuwa Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, da ƙannensu da aka kafa daga baya, cewa ba a ba ɗalibi shahadar digiri sai ya gabatar da kundin bincike na kansa, wanda ɗalibai ke kira furojet, a ƙarƙashin kulawar wani malami. Galibin sassa sun daidaita a kan babi biyar: na farko gabatarwa, na biyu bitar ayyukan magabata, na uku hanyoyin bincike, na huɗu bayanan da aka samo da sharhinsu, na biyar kammalawa da shawarwari. Da wuya a sami ɗalibin da bai haddace wannan jeri ba. Amma duk wanda ya daɗe yana duba irin waɗannan kundaye ya san inda ciwon yake, domin sau da yawa babin nan biyar suna nan cif, sai dai kowanne ya fuskanci alƙiblarsa dabam: babi na farko ya yi wata tambaya, na biyu ya tattaro maganganun malamai a kan wata mas'ala, na uku ya siffanta hanyar da ba a bi ba, na huɗu ya jera alƙaluma, na biyar kuma ya ba gwamnati shawarar da ɗalibin zai iya bayarwa ko da bai taɓa fita bincike ba.

Malaman hadisi sun riga mu sanin wannan ciwo da maganinsa. Ba sa karɓar matani, kome daɗinsa a kunne, sai sun bi isnadinsa mutum bayan mutum, sun tabbatar wannan ya ji daga wancan, wancan kuma ya riski wanda ya gabace shi. Idan aka sami giɓi a tsakani sai su ce silsila ta yanke, hadisin ya sauka daga darajar ingantacce. Hukuncin da ɗalibi ya yanke a babi na biyar shi ne mataninsa, babi huɗun da suka gabata su ne isnadinsa, abin da ke riƙe da silsilar daga farko har ƙarshe kuwa abu guda ne, wato tambayar da ya tashi amsawa. Saboda haka daga tambaya za mu fara, kuma za mu ɗan daɗe a kanta.

Ɗalibi yakan je wurin malaminsa ya ce zai yi bincike a kan talauci a Arewacin Nijeriya, ko a kan matasa da shaye-shaye, ko a kan mata da siyasa. Waɗannan duka maudu'ai ne masu nauyi, amma babu mas'ala a cikinsu tukuna, domin mas'ala ita ce abin da ake iya amsawa da hujja, a wuri sananne, cikin watannin da ɗalibi ke da su, da ɗan kuɗin da ke aljihunsa. Manyan masana ma, waɗanda suka fi ɗalibinmu lokaci da guzuri, haka suke ƙuntata fagensu. Polly Hill, Baturiyar Ingila, da ta so fahimtar talaucin manoma a ƙasar Hausa, sai ta tare a gari guda, Batagarawa kusa da Katsina, a 1967, ta tambayi abu guda: shin manoman gari ɗaya duk daidai suke a hali, kamar yadda mutanen ofis suke zato, in kuwa ba daidai suke ba, me ke sa wani ya ci hatsinsa har kaka ta zagayo, wani kuma ya koma ƙwadago a gonar maƙwabcinsa tun damina ba ta yi nisa ba? Da taimakon mutanen garin da suka san kowane gida ta kasa magidanta kashi huɗu bisa ga ƙarfinsu na jure yunwa, kuma littafin da ya fito daga wannan aiki a 1972 har yau ana karanta shi. Haka Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, tambayarsa ita ce me ya sa waɗannan baƙi suka ƙara riƙe al'adarsu da ɗariƙar Tijjaniyya a tsakiyar ƙasar Yarabawa maimakon su narke a cikinta, ya kuma gano cewa fataucin goro da shanu, wanda ke tafiya a kan bashi da amana tsakanin fatake da masu masaukinsu, shi ne ke buƙatar wannan haɗin kai. Unguwa guda, tambaya guda, littafinsa na 1969 ya zama abin koyarwa a jami'o'in duniya.

Bari mu ɗauki misali daga gida, mu riƙe shi har ƙarshen shirin. A watan Janairu na 2013, 'yan kwanaki bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana sana'ar acaɓa a birnin Kano da kewaye, samari masu yawa suka wayi gari ba abin yi, daga baya kuma Adaidaita Sahu ta cika tituna. Mu ƙaddara wani ɗalibi ya zo da maudu'in rashin aikin yi tsakanin matasa. Malami nagari zai yi ta jan sa da tambaya har ya sauko ga wani abu kamar haka: a cikin tsofaffin 'yan acaɓa na unguwa kaza, me ya bambanta waɗanda suka sami Adaidaita Sahu suka ci gaba da sana'ar sufuri daga waɗanda ba su samu ba? Wannan tambaya tana da wuri, tana da zamani, tana da mutanen da za a iya zuwa a gaishe su a tambaye su, kuma, abin da ya fi kome muhimmanci, ɗalibin bai san amsarta ba tukuna.

Idan tambaya ta tsaya da ƙafafunta, babi na farko ba ya wahala. Shimfiɗa za ta zama gajera, ta ɗauko mai karatu daga abin da kowa ya sani ta kawo shi bakin matsalar cikin shafi biyu ko uku, ba sai an faro daga tarihin sufuri a duniya ba. Daga nan sai bayanin matsala, inda ɗalibi zai faɗi abin da aka sani, da abin da ya rage ba a sani ba, da dalilin da ya sa rashin sanin ke da illa. Sai ya tsaga babbar tambayarsa gida uku, ko huɗu in ta yi yawa, ya kuma sa kowace manufa ta zama amsa-kuwwar tambaya guda, ta yadda in tambayoyi uku ne manufofi ma uku ne, a jere ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Sai farfajiyar bincike, wadda ita ce garkuwar ɗalibi ranar da zai kare kundinsa, domin abin da ya ce ba zai taɓa ba, ba za a kama shi da laifin barinsa ba. Akwai kuma wani ɗan sashe da ɗalibai ke rainawa, na fayyace ma'anar kalmomi, inda sukan kwafo abin da ƙamus ya ce su wuce, alhali abin da ake nema shi ne iyakar da za su yi aiki da ita a fage. Wane ne matashi? Majalisar Ɗinkin Duniya tana ƙirga daga shekara 15 zuwa 24, yarjejeniyar matasa ta Tarayyar Afirka ta ce 15 zuwa 35, manufar matasa ta Nijeriya ta 2019 kuma ta tsaya a 15 zuwa 29. Mutumin da ke da shekara 32 matashi ne a wani ma'auni, a wani kuma ya fita. In ɗalibi bai zaɓi ma'auni guda ya faɗe shi tun farko ba, alƙalumansa na babi na huɗu ba su da ma'ana.

Babi na biyu shi ne inda aka fi zubar da tawada a banza. Za ka ga shafi ashirin, kowane sakin layi ya fara da wane ya ce, ya ƙare da wane ya ce, ba wanda ya amsa wa wani, shi kansa ɗalibin kuma ba a ji muryarsa ba. Ina ba ɗalibanmu shawara su duba yadda Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1198, ya tsara littafinsa Bidayatul Mujtahid. A kowace mas'ala yakan kawo inda malamai suka haɗu, sa'an nan inda suka saɓa, sa'an nan ya tono sababin saɓanin, ko nassi ne ya ɗauki fassara biyu, ko ƙiyasi ne ya ci karo da zahirin hadisi. Bitar ayyukan magabata ke nan a mafi kyawun surarta: a tara masana bisa ga matsayinsu a kan mas'ala, a nuna abin da ya raba su, sa'an nan ɗalibi ya nuna giɓin da aikinsa zai cike.

Ɗalibinmu na acaɓa, alal misali, zai tarar cewa an daɗe ana muhawara a kan irin waɗannan sana'o'i da ba su cikin rajistar hukuma. Keith Hart ne ya fito da zancen fili a wata maƙala ta 1973, bayan ya zauna da 'yan ci-rani daga arewacin Ghana a unguwar Nima ta birnin Accra, unguwar da masu sauraronmu na can suka san Hausa ce harshen kasuwarta. Ya nuna cewa mutanen da ƙididdigar gwamnati ke kira marasa aiki, aiki suke yi dare da rana. Bayansa masana suka rabu. Wasu suka ce waɗannan sana'o'i mafaka ce ta wanda ya rasa aikin albashi. Hernando de Soto na ƙasar Peru, a littafinsa na 1986, ya ce masu su 'yan kasuwa ne masu himma waɗanda tsadar bin dokokin hukuma ta kora waje. Wasu kuma suka ce manyan masu jari ne ke cin moriyarsu, domin suna samun aiki mai araha ba tare da ɗaukar nauyin ma'aikaci ba. Ɗalibin da ya jera waɗannan mazhabobi uku, sa'an nan ya tambayi kansa wacce ce ta fi bayyana halin yaron da ke tuƙa keken Adaidaita Sahu na wani yana kai masa balas kowace yamma, ya rubuta babi na biyu na gaskiya ko da shafinsa goma ne.

A ƙarshen wannan babi ake kawo ra'in da za a ɗora aikin a kansa, kuma nan ma akwai gyara. Ɗalibai da yawa sukan ambaci Karl Marx ko Emile Durkheim don cika sharaɗi, su yi sallama da shi a nan, ba za a sake jin sunansa ba har bangon ƙarshe. Amfanin ra'i shi ne ya gaya maka abin da za ka duba idan ka fita. Mark Granovetter, a wani nazari da ya buga a 1973, ya nuna cewa ma'aikatan da ya tambaya a wani gari kusa da Boston ta Amurka sun fi samun labarin aiki daga mutanen da suka sani sama-sama, a kan aminansu na kusa, domin na kusa abin da ka sani shi suka sani. Ɗalibinmu zai iya ɗaukar wannan ya gwada shi a Kano: shin keken nan ta hannun ɗan'uwa ake samunsa, ko ta hannun wani fasinja da aka saba ɗauka, ko ta hannun shugaban tasha? Mai yiwuwa a ƙasar da dukiya ke tafiya a kan amana, kamar yadda Cohen ya gani a Sabo, zancen ya juye. Ko ya juye ko bai juye ba, ra'in ya haifi tambayar da za ta shiga takardar tambayoyi, kuma silsila ta haɗu.

Kafin mu bar wannan babi, akwai maganar amana. Kada ɗalibi ya jingina magana ga littafin da bai buɗe ba; in a wurin wani ya ji ta, ya faɗi a wurin wa ya ji, domin ɓoye wanda ka karɓa daga gare shi shi ne abin da malaman hadisi ke kira tadlisi, kuma aibi ne a wurinsu. Ɗakunan karatu suna nan, irin su na Kashim Ibrahim a Zariya, da Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga kundayen yayyenku a sassanku, ga intanet. Wanda kuwa ya je shago ya sayi kundin wani ya sauya suna, ko ya sa na'ura ta rubuta masa ya sa hannu, ya ci amanar iyayen da suka biya masa, ya kuma hana kansa darasi guda da shekara huɗun nan ke tanadar masa, wato ya tsaya da kansa ya gano wani abu.

Yanzu sai babi na uku, wanda a ganina shi ne zuciyar isnadi, domin a nan ne mai karatu ke yanke shawara ko zai gaskata ka. Abin da ake so a cikinsa labari ne na gaskiya, dalla-dalla, na abin da ka aikata: ina ka je, su wa ka tambaya, su nawa, ta yaya ka zaɓe su, da wane harshe, da wane kayan aiki, ta yaya kuma ka sarrafa abin da suka faɗa, har wani ya iya bin sawunka ya maimaita. Ɗalibanmu sun saba da lissafin Taro Yamane na 1967, wanda ke kai su kusan mutum 400 idan jama'a na da yawa, ko jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 mai tsayawa a 384. Lissafin daidai ne, amma yana da sharaɗin da ake mantawa, wato a zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye, yadda kowa ke da damar faɗowa. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ciki ya ɗebo daga tsakiya da ƙasa, domin ya san inda ake ɓoye tsakuwa. Ɗan abin da ya ɗebo daga ko'ina ya fi kwano goma daga sama. A 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta tattara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt, sai Roosevelt ya ci jiha 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su ta samo yawancinsu ne daga masu tarho da masu mota, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya.

To, ina ɗalibinmu zai sami jerin sunayen tsofaffin 'yan acaɓa, shekaru bayan an watse? Babu shi. Abin da zai iya shi ne ya fara daga tashoshin Adaidaita Sahu da shugabanninsu, wannan ya nuna masa wancan, wancan ya kai shi ga wani, har ya tara mutum talatin ko arba'in ya zauna da kowannensu ya yi hira mai zurfi. Wannan hanya karɓaɓɓiya ce a ilmi, muddin ya kira ta da sunanta, bai lulluɓe ta da lissafin Yamane ba, muddin kuma ya faɗi rauninta da bakinsa: waɗanda suka koma ƙauye, ko suka tafi Legas ko Abuja da baburansu, ba zai same su a tasha ba, alhali wataƙila su ne hanin ya fi taɓawa. Kada ƙarancin adadi ya ba shi kunya. Mary Smith da tsohuwa guda ta zauna, Baba ta Karo, a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta abin da ta faɗa, littafin ya fito a 1954, kuma ya buɗe wa masana ƙofar rayuwar matan Hausa ta cikin gida wadda takardar tambayoyi dubu ba za ta buɗe ba. Tambaya ce ke zaɓen hanya: mai son sanin yawa ya ƙirga, mai son sanin dalili ya zauna ya saurara.

A wannan babi ne kuma za a faɗi ladubban fage. A fara gaida mai unguwa a nemi izninsa. A gaya wa kowane mutum abin da ake yi da maganarsa, a bar shi in ya ƙi. A sakaya sunaye. Ɗalibi namiji da ke son jin ta bakin matan aure ya nemi 'yar'uwa ta shiga masa, ya kuma rubuta cewa haka ya yi. In an rubuta tambayoyi da Turanci za a yi su da Hausa, a fassara su tun a gida, a gwada a kan mutum biyar ko shida kafin a fita. A kuma san cewa Bahaushe ba ya faɗa wa baƙo abin da yake samu. Amma in ka tambayi direba nawa yake kai wa mai keke, nawa yake sha na mai, nawa yake bari a gida na cefane, zai faɗa maka, kai kuma ka haɗa lissafi. Wanda ya zauna a gindin bishiya ya cike takardu ɗari da hannunsa yana sauya biro, shaidar zur ya yi, kuma ina roƙon 'ya'yanmu, don girman Allah, su gwammace takarda arba'in ta gaskiya.

Babi na huɗu a tsara shi bisa tambayoyin babi na farko, ɗaya bayan ɗaya, kowace tambaya da sashenta. Jadawali ba ya magana da kansa, kuma maimaita alƙaluman da ke cikinsa da kalmomi ba sharhi ba ne. Sharhi shi ne a ce ga abin da wannan ke nufi, ga inda ya dace da abin da Hart ko Granovetter suka gani, ga inda ya saɓa, ga kuma dalilin da nake zato. A nan ne mutanen babi na biyu ke dawowa a zauna da su. A yi hattara da kashi cikin ɗari idan mutane kaɗan ne, domin wanda ya tambayi mutum goma ya ce kashi 70, gara ya ce mutum bakwai. A yi hattara kuma da ɗaukar abu biyu da suka zo tare a ce ɗaya ne ya haifi ɗaya: in an ga masu keke sun fi yawan abokai, mai yiwuwa abokan ne suka kawo keken, mai yiwuwa kuma keken ne ya kawo abokan. Ibn Khaldun, haifaffen Tunis a 1332, wanda ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, ya zargi marubuta tarihi, har da Mas'udi, da karɓar adadin runduna da dukiya ba tare da sun auna shi da abin da ƙasa za ta iya ɗauka ba. Ɗalibi ya yi wa alƙalumansa irin wannan awo. In lissafi ya nuna masa direba na samun abin da ya fi ƙarfin awoyin yini da kuɗin fasinja, ya koma ya duba, akwai kuskure a wani wuri. Idan kuma bincike ya rushe hasashen da ya fara da shi, ya rubuta haka da farin ciki, domin ya gano abin da bai sani ba, kuma ba a rage maki saboda gaskiya ta saɓa wa zato.

Babi na biyar gajere ne, kuma ba a shigo da baƙon zance a cikinsa. A amsa tambayoyin nan uku a fili, kowace da jimla biyu ko uku. Kowace shawara ta fito daga wani abu da aka gano, ta kuma nufi wanda zai iya aikata ta, ko hukumar sufuri ta jiha, ko ƙungiyar direbobi, ko masu ba da keke bashi. Sa'an nan a faɗi iyakar aikin, a nuna wa na baya inda zai ɗora.

Saura tartibin aiki, domin jerin da ake karanta kundi dabam yake da jerin da ake rubuta shi. Babi na farko da aka rubuta a farkon shekara daftari ne. Bayan an dawo daga fage an gama na huɗu da na biyar, wajibi ne a koma masa a daidaita alkawarin da ya yi da abin da aka cika. Tsakure, ko da yake shi ne a gaba, shi ake rubutawa a ƙarshe. Manazarta kuwa tun ranar farko ake fara ta: duk littafin da ka buɗe, rubuta sunan mawallafi, da shekara, da maɗaba'a, da shafi, bisa salon da sashenku ya zaɓa, wanda a fannonin nan galibi na APA ne, domin neman shafin da ya ɓace a daren ƙarshe azaba ce. Takardar tambayoyi da jerin tambayoyin hira su tafi rataye. Game da malamin da ke duba aikin, a je masa da rubutu a hannu, ko shafi uku ne, a riƙe gyaran da ya yi a dawo da shi tare da sabon, a kuma tuna cewa yana da ɗalibai da yawa, saboda haka wanda ya kawo babi biyar a mako na ƙarshe ya zalunci kansa ya zalunci malaminsa.

Kafin ranar kare kundi, ɗalibi ya ɗauki farar takarda guda ya rubuta tambayoyinsa a gefen dama. A gaban kowace ya sa lambar shafin da aka tattauna ta a babi na biyu, da lambobin tambayoyin fage da suka auna ta, da shafin da aka amsa ta a babi na huɗu, da shawarar da ta haifa. Duk inda gurbi ya zauna fanko, nan ne masu jarrabawa za su tsaya, domin galibinsu daga tambayoyi suke farawa, su tsallaka zuwa kammalawa, sa'an nan su dawo babi na uku su ga ko hanya ta isa ta ɗauki hukuncin. In an tambaye shi abin da ke wajen farfajiyarsa, ya ce cikin ladabi bai bincika wannan ba, ya nuna shafin da ya iyakance aikinsa.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan yadda ake tsara takardar tambayoyi da Hausa, da irin tambayoyin da ke sa mutum ya faɗi abin da yake zaton ana so a ji. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a, ya sa albarka a karatunsu.